Asabar huɗu da buroshi da tawadar Japan a Yaba: abin da na biya da abin da na samu

Autata ce ta ga tallar a Instagram, ta kawo mini wayar ina tsakiyar cin tuwon dare. Wani ɗakin koyar da zane ne a Yaba ya shirya aji na watan Disamba, Asabar huɗu a jere, daga goma na safe zuwa ɗaya na rana. Za a koyar da rubutun buroshi irin na mutanen Japan da zanen baƙar tawada, a ƙarshe kuma kowa zai tafi gida da kayan adon sabuwar shekara da ya yi da hannunsa. Shekarunta goma sha huɗu, kuma tun da ta fara kallon katun ɗin Japan bayan littattafanta na makaranta ya cika da haruffansu. Ta ce, “Abba, ko ni kaɗai ka biya wa. Kai sai ka raka ni ka jira a ƙasa.” Da na ga kuɗin sai da na tsame hannu daga kwano. Naira dubu sittin kowane mutum, ban da jakar kayan aiki ta dubu ashirin da biyar ga mai son ci gaba a gida. Ga shi daga Agege zuwa Yaba ba nan kusa ba ne, balle a Disamba da Legas take cika ta batse.

Abin da ya sa na biya na mutum biyu hoto ɗaya ne a cikin tallar: hannu yana goga wani baƙin abu a kan dutse da ɗan ruwa. Sana'ata ɗab'i ce. Shekara ashirin da biyu ke nan ina da shago a Shomolu, ina buga katin biki, kalanda, rasit, fostar walimar sauka. Amma kafin in san kwamfuta, ni ne yaron da Malam yake sawa ya yi wa ƙanana rubutu a makarantar allonmu ta Agege, don ya ce hannuna ba ya rawa. Na daka zuge, na jiƙa ƙaro, na feƙe alƙalami har yatsana ya yi kanta. Rabona da wannan ya fi shekara talatin. Ina ganin hoton nan sai na ji ƙamshin kurtun tawada ya dawo mini.

Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma mai wurin mutuniyar kirki ce da take fafutukar neman halaliyarta. Bene ne hawa na biyu, a wani layi da ba shi da nisa da Kwalejin Fasaha ta Yaba. Mukan fito daga gida bakwai da rabi, mu hau danfo zuwa Oshodi, mu canja wata. Ranar da hanya ta yi kyau tara da kwata muna can. Matakalar tana da ƙunci da duhu, tsoho ko mai ciwon gwiwa zai sha wuya. Ɗakin kansa fes yake, dogayen tebura biyu, manyan tagogi, famfo a lungu. Malamar Bayarabiya ce, za ta yi arba'in da 'yan kai, ta ce shekara biyar ta yi tana karatu a Japan, a can ta shiga hannun wata tsohuwa ta koyi rubutun. Sauran ɗalibai sensei suke ce mata, wato malami da Japananci. Ni da Auta Malama muke cewa, ita kuma ta ce mini Alhaji. Da Turanci take koyarwa, tana sirkawa da buroka.

Asabar ta farko, 6 ga Disamba, mu tara ne, kuma ita kaɗai ta isa in ce kuɗina bai tafi a banza ba. A gaban kowa an shimfiɗa baƙin ƙyalle mai kauri, a kansa farar takarda shara-shara da suke kira hanshi, faɗinta kamar santimita 24, tsawonta 33, an danne kanta da ɗan dogon ƙarfe. A dama ga buroshi babba da ƙarami na gashin akuya da na doki, fude ke nan, sai dutsen niƙa tawada mai suna suzuri, da curin tawadar kanta, sumi, a bushe ƙamas kamar guntun sabulun wanki. Malama ta hana kowa taɓa buroshi. Ta ce a ɗiga ruwa kaɗan a tudun dutsen, a riƙa goga curin a hankali, in ya yi kauri a tura shi kwarin da ke gaba, wanda su suke kira teku. Minti ashirin muka yi a kan wannan. Ba mai magana sai ita, sai ƙarar dutse, sai hon ɗin motoci daga titi.

Tana zagayawa tana bayani ƙasa-ƙasa. Tawadar kunkunniya ce, ta itacen da suke kira matsu ko ta man riɗi da danginsa da aka ƙona a fitila. A kwaɓa ta da danƙon da ake dafawa daga fatar dabba, a sa ɗan turare don kashe ƙarnin danƙon, a murza da hannu da ƙafa, a danna a cikin katako ya ba ta siffa, a bar ta wata da watanni tana bushewa. Birnin Nara ne cibiyar sana'ar, can ake yin mafi yawan curin tawadar ƙasar, kuma da sanyi ake yi don zafi yana ruɓar da danƙon. Buroshi kuwa garin Kumano a yankin Hiroshima ne ya yi suna a kansa. Na ce mata, Malama, ai wannan tawadarmu ce, sai dai mu gawayi muke sawa, danƙonmu kuma daga bishiya yake fitowa. Ta dakatar da ajin ta sa na yi bayanin yadda ake haɗa tawadar allo tun daga daka har tacewa. Ta ce a Mushin ta tashi, ta sha ganin yara da allo, amma ba ta taɓa tambayar da me ake yin tawadar ba.

Sannan aka zo kan rubutu, aka ce mu ja layi ɗaya a kwance. Shi ne harafin “ɗaya” a wurinsu, ichi. Takarda goma sha ɗaya na cika da shi. Alƙalamin kara kwantar da shi ake yi, a dafa gefen hannu a kan allo, yatsu su yi aikin. Wannan a tsaye cak ake riƙe shi, gwiwar hannu a sama ba ta taɓa tebur, ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe, hannun hagu ya dafe takarda, motsin daga kafaɗa yake tahowa. Layin nan guda gaɓa uku gare shi: ka sauke bakin buroshi a karkace ka ɗan tsaya, ka ja, ka sake tsayawa ka danna kafin ka ɗaga. Ƙarshen layi ma iri uku ne. Akwai tome, a tsaya cak. Akwai hane, 'yar ƙugiya da ake fizgowa. Akwai harai, a riƙa sakin buroshi sannu a hankali har layin ya sirance ya ɓace. Daga nan ta ba mu harafin da ake karantawa ei, ma'anarsa dawwama. Ja biyar ne kacal, amma tun a ƙasar Sin malaman rubutu suke horar da ɗalibi da shi, don ya tattara motsin buroshi takwas na asali.

Dokar da ta fi shiga raina ita ce ba a komawa kan layi. In ka ja ya fito siriri ko ya karkace, haka zai zauna. Ka sake bi ta kansa don ka gyara, Malama za ta gane daga ƙarshen ɗaki, domin tawadar tana yin duhu biyu. A allo in ka yi kuskure sai ka goge da yatsa, ko ka wanke ka jingine a rana ya bushe ka sake. A shago kuwa aikina duk gyara ne: a matsar da wannan, a ƙara girman wancan, mai biki ya dawo sau biyar ya canja kala, kwamfuta ba ta gajiya. Shekara da shekaru ban yi wani abu da hannuna wanda ba a iya warware shi ba. Sai ga ni a gaban takardar da take shanye tawada tun kafin ka gama shawara. Duk abin da ke jikinka a lokacin yana fitowa a layin. Mai sauri a gan shi, mai tsoro a gan shi, wanda ya riƙe numfashi layinsa ya yi rawa a tsakiya. Wajen takarda ta takwas na lura na daina tunanin kuɗin takarda da ake bina a Mushin da injin da ya tsaya ranar Alhamis. Irin wannan natsuwar, in ka ɗebe kan sallaya, na daɗe ban same ta ba.

Yadda take gyara ma ya burge ni. Tana da jar tawada mai ruwan lemo, da ita take bi ta kan rubutun ɗalibi ta nuna inda ya kamata layin ya bi, inda ya yi kyau kuma ta zagaye shi da da'ira. Ta ce haka ake yi wa yara a makarantun Japan, inda ake fara rubutun buroshi tun aji uku na firamare. Ni jan nan wasalin Alƙur'anan rubutun hannu ya tuna mini. Yara da mata takan kama hannunsu ta ja tare da su, don su ji nauyin da ake ɗora wa buroshi. Da ta zo kaina ba sai da na ce komai ba, ta jawo kujera gefe ta rubuta a tata takardar a hankali har sau uku ina kallo. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Asabar ta biyu aka shiga maganar biki. A Japan Kirsimeti ba ranar hutu ba ce, babban bikinsu shi ne na sabuwar shekara, Oshogatsu, kuma tun 1873 da suka koma kalandar Turawa yake faɗowa 1 ga Janairu. Kafin nan da wata suke lissafi, shekara tana kamawa dab da ƙarewar sanyi, shi ya sa har yau suke rubuta maraba da haru a katunansu, haru kuwa lokacin da sanyi yake janyewa itatuwa su fara fure. Katunan gaisuwar, nengajo, a Disamba ake kai su gidan waya a tara, a raba su safiyar ranar farko ta shekara. Wannan ya tsaya mini a rai, don na ga zamanin da nake buga katin barka da Sallah dubu-dubu kafin waya ta kashe kasuwar. Ranar 2 ga Janairu kuma suna da kakizome, rubutun farko na shekara: mutum ya zaɓi kalma ko gajeren zance da yake fatan shekararsa ta tafi a kai, ya rubuta a doguwar takarda. Ta nuna mana bidiyo a waya na babban malamin wurin ibadar Kiyomizu a Kyoto yana rubuta harafin da aka zaɓa ya wakilci shekarar mai ƙarewa da ƙaton buroshi a gaban jama'a, abin da ake yi kowace Disamba tun 1995.

Kowa ya zaɓi kalmarsa. Auta ta ɗauki yume, mafarki ko buri, ja goma sha uku. Malama ta ce ya yi mata yawa, ta ce ita shi take so, ta kuwa zauna a kansa har ya fito. Ni na ɗauki wa, ja takwas, jituwa tsakanin mutane. Wanda ya tashi a Agege cikin Yarabawa da Ibo da 'yan Arewa na kowace jiha ya san dalilin da ake cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kowane harafi yana da jerin da ake bi, sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, in ka saɓa sai siffar ta ƙi zama. Layukan rubutu kuma daga sama suke gangarowa ƙasa, daga dama ake farawa a yi hagu, littafinsu na gargajiya ta inda muke buɗe Alƙur'ani ake buɗe shi. Wannan bai ba mu wuya ba ko kaɗan, alhali sauran 'yan ajin sun yi ta mantawa.

A ranar ne ta fito da hoton kadomatsu, adon da suke ajiyewa bibbiyu a bakin ƙofa: gora uku an yanke kansu a karkace, an ɗaure su da rassan matsu, wani lokaci da reshen wani itace mai fure da suke kira ume. Ta ce a Asabar ta ƙarshe za mu haɗa ƙanana na takarda. Na tambaye ta kai tsaye, Malama, wannan ado ne zalla ko akwai bauta a ciki? Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce asalinsa a addininsu na gargajiya, Shinto, ana kafa shi ne don tarbar abin bautar da suka yi imani yana ziyartar gidaje da sabuwar shekara, haka ma igiyar ciyawar shinkafa da suke ratayawa a ƙofa, ko da yake da yawansu a yau al'ada kawai suka ɗauke shi. Na ce to ni da 'yata ba za mu haɗa wannan ba. Ta ce ba komai, Alhaji, ku zana itatuwan uku a matsayinsu na itatuwa. Matsu ganyensa kamar allura, ba ya zuba duk tsananin sanyi. Gora tana lanƙwasa ba ta karyewa. Ume kuma tana fure tun sanyi bai gama tafiya ba. Su ukun tare suke tafiya a zanen Sin da Japan, alamar juriya. Da ta ɓoye mini don kada ta rasa ɗalibai biyu, daga baya na gano, da ban sake taka matakalar nan ba.

Shekarar da za a shiga a lokacin, 2026, a lissafinsu na dabbobi goma sha biyu ta doki ce, don haka samfurin katunan duk doki ne a guje. Ni ba na rataya hoton mai rai a ɗaki, sai ta koya mini harafin doki, uma, ja goma, da ɗigo huɗu a ƙasa inda ƙafafu suke. In ka ja shi da ɗan sauri ka bar buroshi ya ɗan sha iska, layukan sama suna tashi kamar geza. Kati shida na yi da shi, ɗaya na yayana ne a Kano, shi da ba ya fashin kallon hawan Daushe.

Asabar ta uku zanen tawada ne, sumi-e, wanda ya shigo Japan daga Sin ta hannun malaman addinin Buda 'yan ɗariƙar Zen. Ta buɗe littafi ta nuna mana aikin Sesshu, wanda ya rayu daga 1420 zuwa 1506: duwatsu da hazo da baƙar tawada kaɗai, rabin takardar fari fat amma kana ganin ruwa da nisa a cikin farin. Dabarar ita ce buroshi ɗaya ya ɗauki duhu uku. A jiƙa shi da tawada mai ruwa-ruwa, a tsoma rabinsa a matsakaiciya, bakin kawai a taɓa baƙa wuluk. Sai a kwantar da shi a ja daga ƙasa zuwa sama, a tsaya, a ɗaga, a bar 'yar tazara, a sake. Sai ga karan gora da gaɓoɓinsa, gefe ɗaya duhu gefe ɗaya haske kamar hantsi ya bugo shi. Ganye kuwa sauke, danna, saki, cikin numfashi ɗaya. A nan Auta ta wuce ni nesa. Ganyenta kamar iska tana kaɗa su, har wata mata a gefenmu ta ajiye nata buroshin tana kallo.

Sai dai a ranar ne abubuwa suka sukurkuce. Tallar ta ce ba za a wuce mutum goma ba. Da muka shiga goma sha bakwai na ƙirga, an karɓi masu biyan kuɗin rana ɗaya saboda hutun Kirsimeti ya kawo baƙi gari. Gwiwar hannu tana bugun ta maƙwabci, a aikin da kacokan ya dogara ga sakin hannu. Duwatsun niƙa ba su isa ba, sai aka zuba mana tawadar kwalba a 'yan faranti. Tana aiki, amma in ka sirka ta da ruwa toka-tokar da take bayarwa ba ta da zurfin ta niƙa, ga shi an ɗauke mana minti ashirin ɗin nan da suke kwantar da hankali kafin a fara. Malama ta koma koya wa sababbi riƙon buroshi, mu da muka biya na wata guda sau ɗaya ta duba mu a awa uku. Wuta ta ɗauke, janareta a ƙarƙashin taga, fanka tana ɗaga takardu. In an kashe ta zufa ta ɗiga a aiki, kuma ko a Disamba iskar Legas ba ta rabuwa da danshi, zane sai ya daɗe bai bushe ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai takarda ce. An yi mana alkawarin washi, takardar hannu ta Japan da ake yi da ɓawon itacen kozo, wadda UNESCO ta sa sana'ar yin ta cikin kayan gadon duniya a 2014. Abin da aka raba mana farar takardar zane ce mai giram 120, irin wadda nake saye a rim. Da yatsa biyu na gane ta. Tawada kwanciya take yi a samanta ba ta shiga, bazuwar nan mai taushi da ake nema a zanen ba ta samuwa. Bayan an tashi na tsaya na faɗa mata a keɓe. Ba ta musa ba, ta ce kayan da ta yi oda sun maƙale a hanya, yawan mutanen kuma kuɗin haya ne ya matso ta. Na ce Malama, da tun da safe kin faɗa mana ba wanda zai ji haushi. Wadda ta gaya mini gaskiya a kan kadomatsu bai kamata ta yi shiru a kan takarda ba. Ta ba da haƙuri. Asabar ta gaba ta ba mu, mu taran farko, washi biyar-biyar daga nata na kanta. Ranar na ga bambancin da idona: ɗigo ɗaya na sauke, ya riƙa buɗewa a hankali, tsakiyarsa baƙi, bakinsa kamar hayaƙi.

Asabar ta ƙarshe, 27 ga wata, aka cusa aikin kwana biyu cikin awa uku, kuma wannan ne sashen adon da aka tallata ajin da shi. Katuna, da kwali mai bakin zinariya da suke kira shikishi, da doguwar takarda da za a manna a kwali mai kala a sa mata sanda da igiyar ratayawa, da hatimin suna da kowa zai sassaƙa a jikin robar goge fensir ya buga da ja a gefen aikinsa. Duk a guje. An manna takardun da ba su gama bushewa ba, wasu suka tattare, wasu suka yi dabbare-dabbare. Mun kai biyu da rabi, ta ware mana lungu mai tsabta muka yi Azahar. Kiristocin ajin da suka mayar da matsu itacen Kirsimeti da jajayen ɗigo sun ɗauki nasu kwana biyu bayan bikin ya wuce, masu katin sabuwar shekara kuma kwana huɗu suka rage musu su aika. Da a Nuwamba aka fara, ko aka mayar da shi Asabar biyar, da an tsira daga duk wannan. Mu dai mun dawo da katuna goma sha ɗaya, shikishi biyu, da gorar Auta a doguwar takarda, wadda uwarta ta rataya a falo tun kafin mu cire takalmi.

Jakar kayan aiki na sayi guda ɗaya, kuma ba zan ba kowa shawarar ya saye ta a dunƙule ba. Hanshi hamsin ɗin da ke ciki masu kyau ne, haka ƙyallen shimfiɗa da ƙarfen dannewa. Amma dutsen na roba ne, ba ya niƙa komai, wurin zuba tawadar kwalba ne kawai, babban buroshin kuma tun wanki na uku ya fara zubar da gashi a kan rubutu. Araha ba ta ado, to wannan ba araha ba kuma ba ado. Ka roƙe ta ta sayar maka da takarda da ƙyalle daban, buroshi kuma ka ce irin na aji kake so ko da za ka ƙara kuɗi. In ka samu, ka wanke shi da ruwa zalla ba sabulu da zarar ka gama, ka matse gindin gashin har ruwan ya fito fari, ka rataye shi kai a ƙasa. Kuma kada a je da farar shadda, wannan tawadar in ta kama yadi ba ta fita.

Wanda ya taɓa riƙe alƙalamin allo, ko mai ƙunshi, ko mai ɗinkin hula, ko yaron da hannunsa ba ya rabuwa da biro, zai amfana da Asabar biyun farko fiye da kuɗin da ya biya, kuma a kansu zan tura duk wanda ya tambaye ni. Wanda kayan ado kawai yake so ya rataya kafin baƙi su zo, dubu sittin ta yi masa yawa. Kafin ka tura kuɗi ka tambayi abu uku a rubuce: mutum nawa ne iyaka, wace takarda za a ba ka, kuma niƙa tawada za a yi ko ta kwalba ce. Yaro ƙasa da shekara goma ba na jin zai iya zaman awa uku.

Ranar 2 ga Janairu Juma'a ce. Da na dawo daga masallaci na tarar Auta ta share teburin cin abinci ta shimfiɗa ƙyalle. Ta ce, “Abba, yau ne fa.” Ta rubuta yume ɗinta, na rubuta wa ɗina, na uku ne ya fito yadda nake so. Da tawada ta rage a faranti sai na jawo wata takardar na gwada Barka da Sallah da ajami, da irin rubutunmu mai kauri na allo, buroshi a tsaye yadda aka koya mini. Ba'un ta zauna daram, lam ta miƙe, ra ce ta ƙi, wutsiyarta tana son harai ni kuma hannuna yana son ya tsaya. Na ɗauki hotonsa na tura wa Malama. Ta amsa da dare, ta ce in kawo shi da alƙalamin kara da tawadar zuge ranar Asabar, tana so ta ga yadda ake jan ra ɗin a allo kafin ta ce komai. Ƙaro na samu a kasuwar Agege, zugen kuma yayana ya ba direban motar Kano, jibi zai iso.